Jam'iyyar da ta ƙi naɗa shugaba

Sharhinmu na yau zai kai mu lardin Kebek na ƙasar Kanada, ɗaya daga cikin larduna 10 na ƙasar, mai mutane kimanin miliyan 9 waɗanda mafi yawansu Faransanci ne harshensu na gida. A tsarin Kanada lardi ba ƙaramin abu ba ne. Shi ke riƙe da asibitoci da makarantu, yana karɓar harajinsa, yana da majalisar dokokinsa da firimiyansa, kuma jam'iyyun da ke takara a lardi ba dole ba ne su zama rassan na tarayya. Shekara da shekaru siyasar Kebek ta tsaya a kan tambaya guda, wato a zauna cikin Kanada ko a ɓalle. An yi ƙuri'ar raba-gardama a 1980, aka sake yi a 1995, a karo na biyun masu cewa a zauna suka tsira da ƙyar, da kashi 50 da 'yan ɗigo cikin 100. Jam'iyyu biyu ne suka yi ta karɓa-karɓa da mulki a kan wannan gardama: Liberal mai son zama, da Parti Québécois, wadda ake taƙaitawa da PQ, mai son ɓallewa. Wanda damuwarsa kuɗin haya ce ko tsadar magani, sai dai ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun ya yi haƙuri.

A cikin wannan hali ne, a watan Fabrairun 2006, wasu ƙungiyoyi biyu suka yi maja a birnin Montreal suka haifi jam'iyyar da suka raɗa wa suna Québec solidaire, wato Kebek mai riƙon juna. Ɗaya haɗakar ƙananan jam'iyyun 'yan ra'ayin gurguzu da 'yan ƙwadago ce, ɗayar kuma ƙungiyar farar hula ce da Françoise David ta jagoranta, matar da ta shirya tattakin mata na yaƙi da talauci a 1995, wanda aka yi kwana 10 ana takawa a ƙafa zuwa birnin Kebek. Abin da suka rubuta a matsayin manufa ba zai ba kowa mamaki ba: adalci ga talaka, daidaito tsakanin maza da mata, kare muhalli, ilimi kyauta har jami'a, hukumar gwamnati da za ta riƙa sayen magani da sari don karya farashi, da 'yancin Kebek ta hanyar majalisar da jama'a za su zaɓa ta rubuta tsarin mulki. Duk jam'iyyar da ta tashi sabuwa tana da irin wannan takarda, kuma takarda ba ta ƙin tawada. Abin da nake so in kafa a yau shi ne, aƙidar ƙaramar jam'iyya ana auna ta ne a wuraren da riƙe ta ke jawo asara: wajen wanda aka ba wa baki ya yi magana da sunan kowa, wajen aljihun da kuɗi ke fitowa, da ranar da aka zo mata da tayi mai maiƙo. A waɗannan wurare Québec solidaire ta bar sawun da ya isa a duba.

Mu fara da shugabanci. Tun ranar farko jam'iyyar ta ce ba ta da shugaba. Abin da take da shi kakaki biyu ne, mace da namiji, waɗanda babban taron mambobi ke zaɓa, aikinsu kuwa su faɗi abin da aka yanke, ba su yanke ba. Na farko su ne Françoise David da Amir Khadir, wani likitan cututtuka masu yaɗuwa da aka haifa a Tehran, iyayensa suka kawo shi Kanada yana yaro. Dokar zaɓen lardin ta tilasta wa kowace jam'iyya ta rubuta sunan shugaba a takardar rajista, sai suka cike gurbin da sunan wani jami'in ofishinsu wanda galibin masu jefa ƙuri'a ba su taɓa jin sunansa ba. Mai sauraro zai iya cewa wannan wasan kwaikwayo ne, domin ko an ƙi ko an so wanda kyamara ta fi haskawa shi ne shugaba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma zan dawo kansa. Amma a lura da abin da tsarin ya hana. Ya hana mutum ɗaya ya ce jam'iyya tasa ce, ya sa ta a aljihu ya kai kasuwa. David ta ajiye kujerarta a 2017, Khadir ya bar majalisa a 2018, babu wanda ya tafi da rabin mambobi, babu wanda ya ɗora ɗansa ko yaron gidansa, kuma a zaɓen da ya biyo bayan tafiyarsu ne jam'iyyar ta fi samun ci gaba. Batun mata ma haka yake. Tun zaɓensu na farko a 2007 mata sun kai rabin 'yan takararsu, a lokacin da manyan jam'iyyu ke cewa sun nema ba su samu ba.

Sai batun kuɗi, kuma a nan dole a yi adalci, domin rabin yabon na dokar lardin ne. Tun 1977, zamanin firimiya René Lévesque, Kebek ta haramta wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ba wa jam'iyya gudummawa, ta ce sai mai jefa ƙuri'a da kansa, daga aljihunsa, da iyaka. Ɗan Adam kuwa ba ya rasa dabara. Kamfanonin injiniyoyi masu neman kwangilar gwamnati suka koma raba wa ma'aikatansu kuɗi, kowa ya je ya bayar da sunansa, daga baya a mayar masa. A takarda ɗaruruwan 'yan ƙasa ne masu kishin jam'iyya, a zahiri aljihu ɗaya ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2010, Khadir yana shi kaɗai tilo a majalisa mai kujeru 125, jam'iyyarsa ta zauna ta bi sunayen masu ba da gudummawa ɗaya bayan ɗaya, tana gwada su da sunayen ma'aikatan waɗannan kamfanoni, ta fito da sakamakon a fili, hukumar zaɓe ta bi sawu. Ba ita kaɗai ta tono badaƙalar ba, 'yan jarida sun yi babban aiki, kuma matsin lambar da ya sa gwamnatin Jean Charest ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin mai shari'a France Charbonneau a 2011 ya fito ne daga ɓangarori da yawa. Sai dai abin lura shi ne, jam'iyyar da ta iya yin wannan tonon silili ba tare da fargaba ba ita ce wadda ba ta taɓa raba kwangila ba, babu kuma ɗan kwangilar da ya ga amfanin zuba mata jari. Ƙanƙantarta ce ta ba ta 'yancin buɗe baki. Daga 2013 aka rage iyakar gudummawa zuwa dala 100 a shekara ga mutum ɗaya, gwamnati kuma ta ƙara abin da take ba wa jam'iyyu gwargwadon ƙuri'un da suka samu. Tsarin da ya fi amfanar jam'iyya mai dubban masu ƙaramin ƙarfi ke nan.

Tafiyar ba ta yi sauri ba ko kaɗan. A 2007 ba su kai kashi 4 cikin 100 ba, ba su ci kujera ko ɗaya ba. A watan Disambar 2008 Khadir ya ci mazaɓar Mercier a tsakiyar Montreal, kuma kafin watan ya ƙare aka gan shi a gaban ƙaramin ofishin jakadancin Amurka yana jifan hoton George Bush da takalmi, don mara wa ɗan jaridar nan na Iraƙi da ya jefi Bush da takalmi baya. Wasu suka ce ya zubar da mutuncin majalisa, magoya bayansa suka ce don haka suka zaɓe shi. A 2012, shekarar da ɗaliban lardin suka yi watanni suna yajin karatu kan ƙarin kuɗin makaranta, kowa da ɗan jan ƙyalle mai kusurwa huɗu a maƙale a ƙirji, 'yan sanda sun sa wa wannan ɗan majalisa ankwa a wata zanga-zanga a birnin Kebek. A zaɓen shekarar kujeru suka zama 2. A 2014 suka zama 3, ta ukun Manon Massé ta ci ta da ratar ƙuri'a 91 kacal. Shekara 8 ke nan ana fafutuka don kujeru 3.

A wannan gaɓa ce tayin ya zo. A 2017 jam'iyyar PQ, a ƙarƙashin Jean-François Lisée, ta nemi a yi ƙawancen zaɓe: a wasu mazaɓu ɗaya ta janye wa ɗaya, don kada ƙuri'un masu son 'yancin Kebek su rabu Liberal ta wuce ta tsakiya. Ga jam'iyyar da ta ci kujeru 3 kawai, wannan gajeriyar hanya ce ta samun ƙari ba tare da gumi ba, kuma wasu daga cikin fitattunta sun karkata ga a zauna a tattauna. Wakilan mambobi suka taru a watan Mayu suka ce a'a. Babban dalilinsu shi ne PQ ce ta kawo daftarin dokar 2013 da ta nemi hana ma'aikatan gwamnati sanya hijabi da rawani da sauran alamun addini, kuma mambobi da dama, musamman 'yan asalin wasu ƙasashe, sun ce ba za su iya tallata wanda ya nuna su da yatsa ba. Masu sharhi da yawa sun kira wannan taurin kai na ƙuruciya. Shekara guda bayan haka, a zaɓen 2018, Québec solidaire ta samu kashi 16 cikin 100 da kujeru 10, daidai da na PQ, Lisée kansa ya rasa mazaɓarsa ta Rosemont a hannun ɗan takararsu. Ba ina cewa ƙin tayin ne kaɗai ya kawo nasarar ba. Shigowar Gabriel Nadeau-Dubois, matashin da ya yi fice a yajin ɗalibai, ta jawo dubban sababbin mambobi, kuma a shekarar jama'a sun gaji da tsofaffin jam'iyyun biyu gaba ɗaya, shi ya sa wata sabuwar jam'iyyar ta masu ra'ayin 'yan kasuwa, CAQ ta François Legault, ta kwashe mulki. Amma ranar da aka yanke shawarar babu wanda ya san haka za ta kasance. An yanke ta ne ana kallon asara.

Gwajin da ya fi wannan tsanani ya zo a 2019, kuma shi ne ya fi shafar Musulmin lardin. Gwamnatin Legault ta kawo doka mai lamba 21, wadda ta hana alƙalai da 'yan sanda da lauyoyin gwamnati da malaman makarantun gwamnati sanya alamar addini a bakin aiki. A rubuce dokar ta shafi kowane addini, a aikace kuwa malamar firamare mai hijabi ce ta fi jin ta a jika, kamar wadda aka cire daga ajinta a garin Chelsea a ƙarshen 2021. Ya kamata a fahimci inda Kebek ta fito kafin a yanke mata hukunci: har zuwa shekarun 1960 cocin Katolika ce ke riƙe da makarantu da asibitocinta, kuma tsararrakin da suka ƙwace kansu daga wannan riƙo suna kallon duk wata alamar addini a ofishin gwamnati da zargi. Saboda haka dokar ta samu karɓuwa wajen mafi yawan masu jin Faransanci, waɗanda su ne Québec solidaire ke neman ƙuri'arsu. Matsayin jam'iyyar a da na tsaka-tsaki ne, ta yarda a hana masu iko na tilastawa, wato alƙali da ɗan sanda da gandiroba, a ƙyale malami. A watan Maris na 2019 mambobi suka taru suka soke wannan matsayi, suka ce kada a hana kowa. A lokacin shekara 2 ke nan da harin da aka kai masallacin birnin Kebek, inda aka kashe masallata 6 a watan Janairun 2017. Jam'iyyar da ke lissafin ƙuri'a kawai za ta tsaya a tsakiya ta yi shiru. Wannan ta matsa zuwa inda jama'a ba su da yawa, kuma 'yan majalisarta suka bi umarnin mambobi ko da wasunsu sun daɗe suna kare tsohon matsayin.

To, yanzu bari mu saurari masu suka, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko suna cewa tsarki yana da sauƙi ga wanda bai taɓa riƙe baitulmali ba. Gaskiya ne, Québec solidaire ba ta taɓa mulki ba, ba a taɓa tilasta mata zaɓa tsakanin albashin malaman jinya da gyaran gada ba, don haka babu wanda zai rantse cewa alƙawuranta za su jure nauyin kasafin kuɗi. Wannan na karɓa. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce saboda haka ba ta da amfani, domin majalisa ba masu mulki kaɗai take buƙata ba, tana buƙatar wanda zai tambayi abin da masu karɓa-karɓa suka yi yarjejeniyar rufewa. Na biyu suna cewa tana raba ƙuri'a, kamar a 2012 da PQ ta ci kujeru 54 ta kasa kai 63 da ake buƙata don rinjaye. Wannan magana tana ɗauka cewa ƙuri'ar mutum hakkin babbar jam'iyya ce tun asali, ƙaramar ta zo ta sace. Laifin yana wajen tsarin ƙidaya, inda wanda ya zo na ɗaya a mazaɓa ke kwashe komai. Dubi zaɓen 2022: CAQ ta samu kashi 41 cikin 100 ta tashi da kujeru 90, Québec solidaire ta zo ta biyu a yawan ƙuri'u da kashi 15 ta samu 11, Liberal da ke bayanta da kashi 14 ta samu 21, PQ ta samu 3, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta samu kusan kashi 13 ba ta ga kujera ko ɗaya ba. Legault ya sa hannu kafin zaɓen 2018 cewa zai sauya wannan tsari, da ya hau ya ga yadda yake yi masa rana sai ya jingine maganar.

Suka ta uku ita ce ta fi cizo, domin daga cikin gida ta fito. Ana cewa jam'iyya ce ta 'yan boko matasa na tsakiyar Montreal, masu hawan keke da jirgin ƙasa, ba ta san halin manomi ko mahaƙin ma'adinai da ke tuƙa kilomita 100 zuwa asibiti ba. A 2022 ta ba da shawarar ƙarin haraji a kan manyan motoci masu shan mai da kan dukiyar da ta haura dala miliyan 1, Legault ya laƙaba musu sunan harajin ruwan lemo, launin jam'iyyar ke nan, sunan kuwa ya bi su har rumfar zaɓe. A zaɓen suka rasa kujerarsu ta yankin Rouyn-Noranda mai nisa, inda 'yar majalisarsu Émilise Lessard-Therrien ta yi ta faɗa kan gubar da masana'antar narkar da tagulla ke fitarwa a garin. Mambobi suka zaɓe ta kakaki a ƙarshen 2023 don ta maido da muryar karkara, ba ta cika wata 6 ba ta ajiye, tana ƙorafin cewa 'yan tsirarun ƙwararru da ke kewaye da kakakin namiji, Nadeau-Dubois, ne ke juya akalar komai. Ga shugaban da aka ce babu, ya shigo ta taga. Nadeau-Dubois ya mayar da martani da cewa lokaci ya yi da jam'iyyar za ta sassauta ta shirya karɓar mulki, kuma a ganina rabin maganarsa daidai ne, domin jam'iyyar da ba ta taɓa nufin mulki ba zauren muhawara ce kawai. Ko a batun rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila an ga wannan jan igiya: bayan zaɓen 2022 'yan majalisarta 11 suka ƙi rantsewa, daga baya suka shiga ɗaki suka yi ta a ɓoye don su samu shiga zaure, 'yan PQ 3 ne suka dage har aka hana su shiga, kafin majalisa ta mayar da rantsuwar ganin dama a watan Disamba. Duk da haka rikicin shugabancin a bainar jama'a aka yi shi, a taron mambobi aka kai shi, kuma wanda ya fi kowa suna, Nadeau-Dubois, shi ne ya sauka a watan Maris na 2025, jam'iyya ta zauna.

Duk Bahaushen da ya ji wannan labari zai tuna NEPU, kuma ba laifi, muddin ba a wuce gona da iri ba. Mutum 8 ne suka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta yi shekaru ba ta da rinjaye a ko'ina, amma ita ta dage kan ƙuri'ar mata da kan zaluncin haraji tun ana yi wa masu faɗin haka dariya. Bambancin shi ne farashi. Ɗan Québec solidaire mafi munin abin da ya gani ankwa ce ta dare ɗaya da tara, su Hajiya Gambo Sawaba kuwa kurkuku suka sha sau da dama, ga duka, ga kora daga gari. Inda kamar ta fi fitowa shi ne bayan nasara. PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, amma kafin a je ko'ina gida ya dare biyu, ga 'yan santsi ga 'yan taɓo, a kan tambayar da ta yi kama da wadda ta addabi mutanen Kebek, wato da wa za a haɗa kai, kuma wa ke da ikon yankewa, gwamnoni ko uwar jam'iyya. A 1981 majalisar Kaduna da NPN ke da rinjaye ta tsige gwamna Balarabe Musa.

Akwai kuma abin da mai sauraro a Najeriya ya kamata ya sani: jam'iyya irin Québec solidaire ba za ta samu rajista a ƙasar ba. Sashe na 222 na tsarin mulkin 1999 ya ce hedikwatar jam'iyya sai a Abuja, kuma sunanta ko tambarinta kada ya nuna cewa ta taƙaita ga wani yanki, sashe na 223 ya ce shugabanninta su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. An yi haka ne da dalili, domin waɗanda suka ga yadda jam'iyyun yanki suka kai jamhuriya ta farko ƙasa ba sa son a maimaita. Amma ƙofar da aka rufe wa mai wa'azin ƙabilanci ita ce aka rufe wa malamai da 'yan kasuwa da manoman jiha guda da ke son su haɗu a kan ruwan sha da makarantun jiharsu, su fara da kansila ɗaya. Buɗe ofis a jihohi 24 sai mai kuɗi, mai kuɗi kuwa ya san abin da ya saya. A watan Fabrairun 2020 hukumar INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74 saboda ba su cika sharuɗɗan cin zaɓe ba, da yawansu jam'iyyun jaka ne da babu mai kewarsu, amma da irin wannan ma'auni aka auna Québec solidaire bayan zaɓen 2007, da ba a kai ga jin sunan Khadir a majalisa ba. Kujerar Mercier da ya fara ci, Ruba Ghazal ce ta gaje ta a 2018, 'yar Falasɗinawa da aka haifa a Beirut, wadda tana cikin waɗanda aka kafa jam'iyyar da su a 2006, kuma a ƙarshen 2024 mambobi suka zaɓe ta kakakinsu mace.